Rumbunan Wasa a Kogon Dutse

Sana'ata hatsi ce. Ina saye da kaka, in ajiye, in sayar idan ya yi daraja, kuma ba na jin nauyin faɗin haka ko da yake na san sunan da ake kiran irinmu da shi a bayan ido. Awo a kasuwar Dandume na koye shi, ciniki kuma a Funtua. Maganar ajiya kuwa a ɗakin kakata na fara jin ta, ina ɗan shekara goma, kuma a lokacin na ɗauka labarin kayan wasa kawai take ba mu.

Ƙauyenmu yana bayan Tsiga, gidaje ne a warwatse, kowane gida da gonarsa a ƙofa. Namu babban gida ne, babanmu da ƙannensa uku da iyalansu, ana noma gandu ɗaya. Mahaifiyarsu, Kaka Dela, ɗakinta na can ƙurya kusa da rumbuna. A lokacin, farkon shekarun alif ɗari tara da saba'in, ta riga ta tsufa, idonta ɗaya ya yi yana, amma hannunta bai mutu ba. Da an gama girbi sanyi ya shigo, sai ta riƙa hura wuta a tsakiyar ɗakin da guntayen kara, mu kuma da an ci tuwo an yi addu'ar yamma sai mu yi can. Ni da ƙanwata Lami ba ma fashi. Sani, ɗan maƙwabcinmu Malam Idi, shi ma da ya idar da isha'i zai tsallako danga. Kaka takan ajiye masa gefen tabarmar da ya fi kusa da wuta, wai shi baƙo ne, alhali ya fi mu sanin inda take ɓoye gyaɗa.

Lokacin kara ne, don haka da kayan aikinmu muke zuwa. Mukan fere karan dawa, mu ware ɓawon daban, totuwar ciki daban. Totuwar ita ce katako, ɓawon kuwa idan an tsaga shi siriri shi ne ƙusa. Da su muke haɗa motar ɗaukar auduga irin waɗanda muke gani suna wucewa Funtua, da bodi da kan direba, har da ɗan tsani a baya. Taya daga sakaina ake fafe ta, in an yi sa'a an samu tsohon silifa to an huta. Lami kuma tana da 'yar tsanarta ta ƙashin ƙafar akuya, wadda Kaka ta yi wa kitso da zaren da ta kaɗa da kanta. Duk abin da muka haɗa sai ya bi ta hannun Kaka. Takan juya shi a hasken wuta, ta latsa nan ta girgiza can, sannan ta yanke hukunci. Ni Maigida take kirana, yadda kakanni ke yi wa jikokinsu maza, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Ta sha faɗa mini cewa da ta san irin motar da zan saya ke nan, da ba ta aure ni ba.

Ran nan na ga motata ba ta da inda za ta sauke kaya, sai na kwaɓa laka da rana na yi ɗan rumbu, na shanya shi, da yamma na shigo da shi na dire a gabanta ina jiran yabo. Ta lallaba jikinsa, ta zura yatsa ƙarƙashinsa, ba ta samu wurin shiga ba.

"Maigida, ina duwatsun?"

Na tambaye ta waɗanne duwatsu. Ta ce a ina na taɓa ganin rumbu zaune daɓas a ƙasa kamar mai jego. Na ce ai na wasa ne.

"Gara ta san wasa?" in ji ta.

Sani ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tura kara biyu cikin wuta, ta daɗe tana kallonsu har suka kama. Sannan ta ce ga wata nan tafe, mu matsa mata. Muka ce ta iso mu ji ta. Ta ce amma mu sani, wannan ba dabbar da za ta yi magana a cikinta, don da idanunta ta gan ta, tun duka biyun suna aiki.

A gidan ubanta abin ya faru, can wajen Malumfashi, tana 'yar shekara tara. Ba a ga jirgin ƙasa a Funtua ba tukuna, gidansu kuma ba wanda ya san coci ko masallaci. Ta ce yaran zamanin ba abin da ake saya musu. Maza su yi shanun laka su kafa musu ƙaho da ƙaya, su binne su a garwashi su gasu su yi ja. Su goge kan katantanwa a dutse su riƙa murza ta tana juyi. Mata su gina tukwane ƙanana kamar ƙwan zabo, su yi goyon ƙashi. Amma babban wasa bayan girbi shi ne rumbu. Yara su bi gona suna kala, wato tsintar zangarniyar da ta kuɓuce wa masu girbi, sannan kowa ya gina ɗan rumbunsa ya zuba. Yawanci da hantsi ake ginawa, da la'asar a cika, jibi a fasa a gasa a cinye.

Wanta Nomau, mai shekara goma sha uku, shi ba haka yake yi ba. Kaka ta ce yaro ne marar magana, wanda idan manya suna gini sai ya tsuguna a gefe ya wuni yana kallo. A shekarar ya zaɓi wani kogo a gindin dutsen da ke bayan gonarsu, inda ruwan sama ba ya bugawa. Ya jera duwatsu uku-uku, ya shimfiɗa ƙananan itacen ƙirya a kai, don gara ba ta cin ƙirya. Ya faso ƙasar suri ya daka, ya kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, ya rufe ta ta kwana uku. Ba ya ɗora gini a kan ɗanye: yau zagaye ɗaya, gobe ɗaya. Ita ce mai ɗauko ruwa a ɗan tulu, kuma ta ce har kuka ta yi don haushin nawarsa, ga na sauran yara tuni an cinye an manta. Da gini ya kai wuya, sai ya goge ciki da dutse mai santsi, ya shafe da kashin shanu da toka, ya hura 'yar wuta a ciki ta kore sauran danshi. Geron kalarsu ya sa ta sussuke, ta sheƙe, suka shanya shi kwana biyu a kan dutse, ya gauraya da toka mai sanyi, ya zuba. Ya rufe baki da fasasshen kasko, ya liƙe da laka, ya yi yantar ciyawa ya ɗora wa kowanne jinka.

Biyu ya gina, kowanne bai wuce gwiwar babban mutum ba. Na ukun ita ta nace sai ta yi da kanta, ta gama shi a kwana biyu. Ya duba ya ce to, bai ƙara ba.

Tana wannan bayani hannuwanta suna yi a iska. Har yau ina ganin yatsun nan masu ƙullutu suna zagaya bakin rumbun da babu shi, suna shafe ciki, suna ɗora jinka a hankali kamar mai sa wa jariri hula. Mu uku mun ajiye karan da ke hannunmu ba mu sani ba.

A gidansu, in ji ta, idan an liƙe rumbu maigida kaɗai ke buɗe shi, mace ko leƙawa ba ta yi. A wasan kuma Nomau ne maigida. Ya sa ta dangwali ƙasa ta lasa, ta rantse cewa ba za ta buɗe ba sai yana nan, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba. Dalilin ɓoyon shi ne, a shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, girbi bai yi kyau ba, babansu Jatau ya riga ya ce duk kalar da yaro ya yi ya kai wa uwarsa. Da ya ji sun zuba gero a kayan wasa, da sun sha duka.

Ba a kai bazara ba manyan rumbuna suka ƙare. Aka koma dusa da busasshiyar tafasa. Mata suka riƙa tonon gidan tururuwa suna kwashe 'yar tsabar da ta tara. Da abin ya yi tsanani, Jatau ya haɗa Nomau da wasu fatake masu jakuna da za su yi kudu, ya riƙa kora musu dabba yana samun abin da zai ci, gida kuma baki ɗaya ya ragu. Da asuba suka tashi. Ya tashe ta daga barci, abin da ya ce mata kawai shi ne ta riƙa duba jinka kada iska ta ɗauke.

Iri dai yana nan. Jatau ya rataye dammunan irin gero a rufin ɗakinsa, yana kwana a ƙarƙashinsu, ba wanda ya isa ya taɓa. Sai ga ruwan farko ya sauko da wuri, mai yawa, har ƙasa ta yi ƙamshi. Kowane manomi ya san ba a ba ruwan farko amana duka: ka shuka rabi, ka riƙe rabi. Jatau ya fi kowa sani. Amma yana kallon haƙarƙarin 'ya'yansa, yana lissafin ranar da za a ci tumu, sai ya sauke irin gaba ɗaya ya shuka. Ya tsiro kuwa, gona ta yi kore shar. Daga nan sama ta rufe. Kwana ashirin ba ɗigo. Shukar ta yi yaushi, ta kwanta, ta zama kamar gashin tsohuwa. Maƙwabta duk haka suka yi, wanda ya rage ɗan abu kuwa ba zai ba ko ɗan'uwansa ba. A cikin kwanakin nan ƙanwarsu Auta, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta mutu.

Lami ta tambaya, to geron kogo fa? Kaka ta ce yana nan. Kullum tana zuwa ta gyara jinka, ta zauna ta jingina kunci da rumbun. Wani lokaci har lasar lakar take yi.

"Kada in yi muku ƙarya in ce ban san abinci ba ne," in ji ta. "Na sani. Amma na lasa ƙasa, kuma maigidan ba ya nan."

Can hadari ya fara haɗowa kuma, ga shi ba abin shukawa. Jatau ya tara ƙannensa a tsakar gida bayan faɗuwar rana, ya ce idan kwana uku suka cika bai samu iri ba, kowa ya ɗaure kayansa ya kama gabansa, a je a yi wa masu shi ƙwadago a ci abinci. Gidan da kakansu ya sari dajinsa zai tashi ke nan. Tana bayan danga tana ji. Ta ce ita a ranta ba iri ta tuna ba, ba ta da wannan hankalin. Abin da ya hana ta barci shi ne, idan suka tashi, Nomau zai dawo ya tarar da kufai, ba wanda zai gaya masa inda suka yi.

Da safe ta samu babanta yana kwance igiyar shinge. Ta durƙusa ta gaya masa, tana kare kai da hannu don ta san mari ne zai biyo. Bai mare ta ba. Ya ce ta wuce gaba. Suka ratsa ƙonanniyar gonar, ya sunkuya ya shiga kogon da rarrafe.

Ta ce ya daɗe bai taɓa komai ba. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga duwatsu da itacen ƙirya. Ya ƙwanƙwasa jiki ya saurara. Nata ya fara buɗewa, sai ga tururuwa da ƙaiƙayi, don bangon ya tsage ta baya tun tuni ba ta lura ba. Sannan ya matsa gaban na Nomau. Da fartanya a hannunsa, bugu ɗaya ya ishe shi, amma sai ya ajiye ta. Ya sa hannu biyu ya ɗauke jinkar ya jingina ta da dutse, yadda ake yi wa babban rumbu. Ya kankare liƙin da farce, ya ɗaga kaskon, ya zura hannu cikin toka har wuyan hannu, ya ɗebo ya hure. Gero ne garau, ko ƙwaro ɗaya babu. Ya sa ƙwaya a haƙori ta ce ƙas.

Ya tambaye ta wa ya koya wa yaron wannan. Ta ce ba kowa, kallonku yake yi. Sai ya juya fuska kudu, inda fatake suka bi, ya yi magana kamar mai magana da sa'ansa.

"Nomau, na buɗe rumbunka ba ka nan. Ka yi mini aikin gafara."

Sannan ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ba ita ta buɗe ba, shi ya buɗe, ƙasar da ta lasa ba za ta kama ta ba.

Kaka ta nuna mana da ƙwarya yawan abin da aka samu bayan an tankaɗe toka. Ni da na zo na san awo, na ƙiyasta bai wuce mudu huɗu ba. Da suka iso gida mata suka miƙe, wata har ta jawo turmi. Jatau ya zuba geron a jakar fata ya zauna a kai, ya ce duk mai son ya daka shi sai ya fara daka shi. Ranar ba wanda ya ci komai sai ganye. Da daddare ruwa ya sauko. Gari na wayewa ya sa aka ɗebo yashi aka gauraya da irin, don idan mai shuka ya tsakuro, ƙwaya uku ko huɗu kawai za su faɗa rami maimakon goma. Da wannan dabara mudu huɗun ya rufe gonar ƙofar gida kaf, har ya damƙa wa maƙwabta biyu cikin tafi ɗaya-ɗaya. Ruwa bai sake yaudara ba. Aka sha wuya wata uku, amma aka ci tumu, kuma ba wanda ya ɗaure kaya.

A nan na zaci za ta rufe, sai ta ɗauki tsinke tana tona toka. Ta ce ranar da suka shigo da geron, uwarta ta dube ta, ta yi mata tambaya ɗaya.

"Dela, kina da gero Auta ta mutu?"

Daga nan uwar ba ta sake yi mata magana ba. Takan zuba mata abinci ta tura da ƙafa. Sai ranar da aka gasa tumun farko, uwar ta murje zangarniya a tafinta, ta hure, ta kira sunanta ta ba ta. Maganar Auta kuwa ba su ƙara tayar da ita ba har uwar ta bar duniya.

Sani ya tambaya yaushe Nomau ya dawo. Ta ce bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a Zariya, wani ya ce ya ƙetare babban kogi. Jatau ya hana a taɓa rumbunan biyu, duk shekara shi da kansa yake sake musu jinka har ya tsufa. Ta ce ƙurunƙus, kan ɓeran da ya zagaya bai samu ƙofa ba. Ba wanda ya yi dariya. Ta kore mu mu je mu kwanta, ta ce wa Sani ya gai da Malam, ni kuma ta ce in kwashe wannan abin nawa kada ta yi tuntuɓe da shi.

Washegari na tambayi babanmu ko gaskiya ne. Yana gyaran ƙotar gatari, bai ko ɗago ba, ya ce in je in duba geron da ke rataye a zaure in gaya masa sunansa. Geron Nomau muke ce masa. Tun ina goye nake jin sunan, na ɗauka sunan iri ne kawai kamar kowane. Ashe a ƙullin zane Kaka ta zo da shi ranar da aka kawo ta gidan kakanmu. Na tsaya a zauren ina kallon dammunan. Kunun da na sha da safen nan daga cikin kayan wasan wani yaro ya fito.

Shekaru da yawa abin da na riƙe daga labarin shi ne na Nomau: in za ka yi abu, yi shi sosai, ko ba mai dubawa. Ya yi mini amfani. Ban taɓa jibge buhu a kan siminti ba katako ba, kuma hatsina bai taɓa yin gumi ba. Na Kaka kuwa, wato na wadda aka bar wa rumbu a rufe ga yunwa a gida, sai da na girma ya iske ni, bayan ta rasu.

A ƙarshen shekarun tamanin ina da ɗan sito a Funtua, mun raba shi da abokin cinikina Alhaji Garba, kowa da ɓangarensa. Shekarar ruwa ya sauko da wuri, mutane suka shuka, ya ɗauke. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san abin da wannan ke nufi: ka ƙara wa sito kwaɗo, ka jira tsakiyar damina lokacin da abinci zai yi wuya. Ina da gero mai kyau da na saya a ƙauyukanmu, na san gonakin da ya fito, na san zai tsiro. Ran nan wani dattijo daga Maska ya sauka daga bayan babur da buhu a naɗe a hammata. Ya zagaya kasuwa yana tauna ƙwaya yana tofarwa, don abin da ke kan faifai duk tsoho ne mai ƙwari. Aka nuna masa ni. Ya ce ba na ci yake nema ba, na shuka ne, kuma in an wuce mako guda ko an ba shi kyauta ba shi da amfani.

Na shawarci Alhaji. Ya ce in bari. Kuma ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce idan muka buɗe yanzu, manyan motoci za su kwashe su yi nisa da shi, nan da wata biyu mutanen garin nan za su zo da kwano a hannu su tarar da sito wayam. Mai ajiya, in ji shi, shi ne rumbun gari, ko ana zaginsa.

Na kwana ina juyi. Da safe na buɗe ɓangarena. Ba sadaka na yi ba, kada wani ya ɗauke ni waliyyi: a farashin ranar na sayar, kuma ban faɗi ba. Abin da na yi kawai, na ƙi sayar da buhu. Mudu-mudu na auna, ga wanda na ga kantar fartanya a tafinsa. Dattijon ya koma ya faɗa, aka yi ta zuwa daga Maska da Tsiga da ƙauyukan Dandume, a kwana tara geron ya ƙare. Alhaji yana zaune a benci yana kallona, yana cewa, "Ayuba, coci ka buɗe ko sito?"

Da damina ta yi tsakiya abin da ya faɗa ya faru. Mata suka riƙa zuwa da kwano, ni ba ni da ko ƙwaya. Alhaji ne ya buɗe nasa, kuma na gani da idona yana yi wa wasu sassauci, wasu ma ya ƙi karɓar komai. Wata mata da na sani, mai 'ya'ya biyar, ta tsaya a ƙofata ta leƙa ta ga wurin a share, ta ce ashe ni ma na sayar wa 'yan nesa. Da kaka kuma dattijon Maska ya aiko mini da dami biyu. To wa ya yi daidai, ni ko Alhaji? Mun yi shekaru muna wannan gardama muna shan shayi, har ya rasu ba mu gama ba.

A nan na gane abin da ya sa Kaka ta tsaya tona toka. Da ta fasa rumbun tun da wuri, da an yi kunu kwana uku, wataƙila Auta ta tashi, wataƙila ba ta tashi ba, gida kuma ya watse. Da ta ƙara kwana uku ba ta faɗa ba, da geron ya zama na tururuwa. Mai ɓoye hatsi da mai ajiyar iri ɗaki ɗaya suke rufewa, kwaɗonsu iri ɗaya ne, ranar buɗewa ce ke raba su, kuma ba mai gaya maka ranar. Kowace ka zaɓa akwai wanda zai tsaya a ƙofarka ya yi maka tambayar da uwarta ta yi mata.

Yanzu ina da rediyo mai faɗin yanayi, ina da masu kawo mini labarin kasuwanni, ina da furfura. Duk da haka kowace bazara nakan tsaya a ƙofar sito da makulli a hannu, cikina a ƙoshe, in rasa ko na yi gaggawa ko na makara. Ita tana da shekara tara, ba wanda za ta yi shawara da shi, ta yi wata huɗu tana jingina kunci da gero da yunwa a cikinta, kuma ranar da aka auna shi ba ƙwaya ɗaya da ta yi ciwon kai.